Fita Ƙauye da Motar Kwana da Yada Zango a Gonakin Birtaniya: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da muka fara fita ƙauye da motar kwana, ni da maiɗakina da yaranmu uku, ba a tashi daga taron suna ko walima a nan arewacin Ingila ban sha tambaya a kai ba. Wani ya ga hoto a waya ya ce bana shi ma sai ya je, wata Hajiya ta ce ita ba ta ga abin da zai raba ta da gadonta ta je ta kwana cikin tumaki ba. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tattara su wuri guda. Duk maganar a kan Ingila da Wales da Scotland take.

Mece ce motar kwana, kuma wace iri ta dace da iyali?

Mota ce da aka gyara cikinta ya zama ɗaki: gado, murhun gas, ɗan firij, wurin wanke-wanke da tankin ruwa. Ƙaramar girmanta bai wuce na bas ɗin Hiace da muka sani a tashoshin gida ba, yawanci Volkswagen Transporter ce ko Ford Transit Custom. Ana ɗaga rufinta ya zama gadon mutum biyu, a kwantar da kujerar baya ta zama wani gadon. Yawancin irin wannan ba su da banɗaki. Babbar kuwa ɗaki ne sosai aka gina a kan ƙirar mota irin Fiat Ducato, tsawonta mita 6 zuwa 7 ko fiye, da banɗaki da shawa da hita a ciki.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne lissafin gado. Mota na iya zama mai gadon mutum shida amma kujerun da ke da bel huɗu ne kacal, kuma a hanya kowa sai ya zauna a kujera mai bel. Ka ƙirga bel kafin ka ƙirga gado. Yaron da bai kai shekara 12 ko tsayin santimita 135 ba sai da kujerarsa ta yara, don haka ka tambaya ko za ta ɗauru a motar.

Lasin ɗina na gida zai yi?

Baƙon da ya zo ziyara, ko wanda bai cika wata 12 da zama a ƙasar ba, zai iya tuƙi da lasin ɗinsa na Najeriya matuƙar bai ƙare ba. Bayan wata 12 sai lasin Birtaniya, kuma na Najeriya ba ya cikin waɗanda ake musanyawa, dole mutum ya zauna jarrabawa. Lasin ƙaramar mota na yau da kullum ya ba ka damar tuƙa abin da nauyinsa da kaya bai wuce kilo 3,500 ba, kuma yawancin motocin haya an ƙera su ne su tsaya daidai nan. Waɗanda suka ci jarrabawarsu a Birtaniya kafin 1 ga Janairun 1997 ne ke da damar kai wa kilo 7,500 ba tare da wata jarrabawa ba.

Doka daban, sharaɗin kamfanin haya daban. Da yawansu inshorarsu ba ta karɓar lasin waje, ko su karɓa da ƙarin kuɗi. Ka buga musu waya kafin ka biya ko kwabo.

Me masu ba da haya ke nema, kuma nawa zan tanada?

Yawanci suna son direba ya kai shekara 25, lasin ɗinsa ya yi shekara biyu, ya kawo shaidar adireshi. Za su kuma riƙe kuɗin jingina a katin bankinka, ɗaruruwan fam, wani lokaci ya haura dubu, sai motar ta dawo lafiya su sake shi. Yadda za ka tsira da wannan kuɗin yana cikin amsar ƙarshe.

Kada wanda ya ce maka wannan tafiyar ta fi otal araha. A watan Agusta, in ka haɗa haya da man dizal da kuɗin zango, sau da yawa gidan haya na mako guda ya fi sauƙi. Mu ba mu taɓa samun ƙaramar mota ƙasa da fam ɗari a yini ba a lokacin hutun makaranta. A Mayu ko ƙarshen Satumba farashin kan sauko sosai. Inda ake samun rangwame na gaske shi ne wajen abinci, tunda girkinka kake yi, da kuma wajen kwana in ka zaɓi ƙananan gonaki maimakon manyan filaye masu wurin wanka da gidan rawa.

Ba cewa aka yi da wannan motar duk inda dare ya yi maka nan ne gida ba?

Haka masu talla ke cewa. A Ingila da Wales kusan kowane taku na ƙasa yana da mai shi, kuma kwana a filin mutum ba izininsa kutse ne. Wuraren ajiye motoci na ƙananan hukumomi da na bakin teku da yawa sun kafa allo cewa ba a kwana, wasu kuma sun gitta ƙarfe a sama mai tsayin kusan mita 2 don kada babbar mota ta shiga. Ko a Dartmoor, dajin shaƙatawa da ke kudu maso yammacin Ingila, inda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2025 cewa ana iya kafa tanti a kwana, maganar ta mai tafiya a ƙafa ce da jakarsa a baya, ba ta mai mota ba.

Scotland ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Dokar ƙasa ta 2003 ta ba jama'a 'yancin shiga daji da kwana a tanti, amma ta cire abin hawa mai inji daga wannan 'yancin. A Highlands, yankin tsaunuka na arewacin Scotland, mutane kan kau da kai in mota ɗaya ta tsaya nesa da gidaje ta tashi da sassafe ba ta bar komai ba, sai dai wannan alfarma ce, kuma haƙurin mutanen yankin ya yi ƙasa tun da motoci suka yi yawa, wasu na zubar da ƙazantar banɗaki a gefen hanya. Ni da iyali ba na yi. Barcin da kake yi kunne a tsaye kana jiran a ƙwanƙwasa maka gilashi ba barci ba ne.

To mene ne zangon gona, kuma ta ina ake samunsa?

Manomi ne ya ware wani yanki na gonarsa, ya ja famfo, ya tanadi wurin zubar da ƙazanta, yana karɓar kuɗin kwana. Mafi daɗinsu a wurina su ne masu ɗaukar mota biyar kacal. Wata doka ta 1960 ce ta ba wasu ƙungiyoyi ikon ba mai fili takardar shaida ya sauki mota biyar ba sai ya nemi lasin ƙaramar hukuma ba. Caravan and Motorhome Club, wadda aka kafa a 1907, tana da irin waɗannan sama da 2,000, ana ce musu CL. Camping and Caravanning Club, wadda ta samo asali a 1901, nata ana ce musu CS, kuma ban da mota biyar suna ɗaukar tanti har goma. Duka na 'yan ƙungiya ne, sai ka yi rajistar shekara, kuma ba a wuce kwana 28 a jere. Wasu kamfanonin haya na haɗa maka da rajistar, ka tambaya.

Akwai kuma na wucin gadi. Tun Yulin 2023 manomi a Ingila na iya buɗe filinsa har kwana 60 a shekara ga tantuna da motocin kwana da ba su wuce 50 ba, shi ya sa a Agusta za ka ga fili da aka yanke ciyawarsa jiya, yau ya cika da mutane. Sai tsarin Brit Stops, inda shagunan gona da makamantansu ke barin mota ta kwana dare ɗaya kyauta da fatan za ka sayi wani abu. Kaso mai yawa na wuraren da ke cikinsa mashaya ce, don haka ka tace ka zaɓi shagunan gona. Masu tsallakawa Faransa za su tarar da irinsa mai suna France Passion.

Kafin ka kama wuri ka karanta sharaɗi. Ƙananan gonaki da dama na manya ne zalla, ba su karɓar yara, wasu kuma ba su da banɗaki ko ɗaya, suna sa ran ka zo da naka a mota. In ƙaramar mota ka ɗauko, wannan ya shafe ka, ka duba amsar banɗaki.

In na isa gonar, yaya ake yi?

Da farko kada ka dogara da lambar adireshi kaɗai. A ƙauye lamba ɗaya kan rufe gonaki da yawa, taswirar waya kuma ta kai ka ƙofar baya inda tarakta ce kawai ke bi. Bi kwatancen da mai gonar ya rubuta, ka kuma ajiye shi a waya tun kana gari don sabis kan ɗauke. Ka isa da sauran haske. Ƙofar da ka tarar a rufe ka rufe ta bayan ka wuce, wadda ka tarar a buɗe ka bar ta yadda take, don mai yiwuwa an buɗe ne dabbobi su kai ga ruwa.

Sau da yawa ba wanda zai tarbe ka. Mutumin yana can yana tatsa ko yana kan tarakta, sai ka ga allo da sunanka ko akwati da za ka jefa kuɗi, don haka ka riƙe tsabar kuɗi. Ka bar tazarar mita 6 tsakaninka da motar maƙwabci saboda gobara, ka yi tuƙi kamar tafiyar ƙafa, hayaniya kuma ta mutu wajen ƙarfe goma da rabi zuwa sha ɗaya na dare. Wannan na ƙarshen ya fi ba mu wuya, mu da hirarmu ba ta daɗi sai da ɗaga murya, kuma a filin da ba ka jin komai sai kukan tunkiya, dariyar mutum ɗaya tana kai wa ƙarshen gona. Gidan mutum ne kuma wurin sana'arsa, ba a leƙa rumbu ko garke sai ya ce bismillah.

Ciyawa ko daɓe, wanne zan zaɓa?

In an yi ruwa a makon, daɓe ko tsakuwa. Na koyi wannan a wata gona a Yorkshire Dales. Na zaɓi can ƙasan fili kusa da rafi saboda kyan wurin, aka kwana ana yayyafi, da safe na taka mai sai tayoyin gaba suka hau juyawa wuri ɗaya suna watsa taɓo har kan gilashi. Na ƙara wuta, motar ta ƙara nutsewa. Dattijon mai gonar ya zo da tarakta, bai ce min uffan ba, ya ɗaura igiya ya fisgo mu, sannan ya tsaya ya daɗe yana kallon ramuka biyu da na haƙa masa a ciyawa. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

In dole ciyawa ce, ka tsaya a tudu, hancin motar na kallon mafita, ka tashi a giya ta biyu a hankali. Da ka ji taya ta fara zamewa, ɗaga ƙafarka ka nemi taimako. Ka kuma roƙi masu haya su ba ka matakan roba da ake hawa a daidaita mota, in ba haka ba za ka kwana kanka a gangare, man girki kuma ya taru gefe ɗaya na kasko.

Akwai wutar lantarki? Gas ɗin fa?

Wasu gonakin suna da sandar jona wuta, wasu babu. Inda akwai, ka tambayi ƙarfinta: amfiya 16 na ɗaukar kusan wat 3,600, amfiya 10 kuwa wat 2,300 ne. Butar shayi ta gida ita kaɗai tana iya cin wat 3,000, ke nan da ka kunna ta a sandar amfiya 10 wuta ta ɗauke, wani lokaci har da ta maƙwabci. Tukunyar dafa shinkafa ta lantarki ba ta da ci sosai, amma kada a haɗa ta da hita. A warware wayar jonin gaba ɗaya, don in tana naɗe zafi take yi. Inda babu wuta, batirin ɗaki mai bolt 12 zai riƙe fitilu da famfo da cajin waya na kwana ɗaya ko biyu.

Gas iri biyu ne. Butan, wanda a tukwanen kamfanin Calor shuɗi ne, yana daina tashi in sanyi ya kusa daskarar da ruwa. Furofen, mai jar tukunya, ba ruwansa da sanyi. A rufe tukunya kafin a hau hanya. Sai maganar da ba wasa a cikinta: kada a shigar da gawayi cikin mota ko rumfarta, ko da ya yi kamar ya mutu, kada kuma a kunna murhu don jin ɗumi. Iskar da ke fita daga gare su ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barci. Mun saba da kaskon wuta a ɗaki lokacin hunturu a gida, har da na turaren wuta, amma mota a rufe take ruf. Ka tabbata akwai na'urar ƙararrawa ta wannan iskar, ka danna ta ka ji ta yi ƙara kafin ka bar harabar masu haya.

Banɗaki fa? Mu masu buta yaya za mu yi?

Wannan ce tambayar da ake ja na gefe a yi min. Masan babbar mota yana zuba ne cikin wani akwatin roba da ake zarowa ta wata 'yar ƙofa a waje, cikinsa bai kai lita 20 ba. Bature mai amfani da takarda zai yi kwana biyu ko uku bai cika shi ba. Gidan da kowa ke tsarki da ruwa, mutum biyar, yini ɗaya ya isa. Dabararmu ita ce a zaɓi gona mai banɗaki, a riƙa zuwa can da buta da rana, na mota ya zama na dare da na yara. A banɗakin gona kuma a goge ƙasa in an jiƙa, don su ba su san dalilin ruwan ba, kuma ba ma so a san mu da shi.

Akwatin ana juye shi ne a ramin da aka tanada kawai, galibi za ka ga an rubuta Elsan a wurin. Ba a rafi ba, ba a gindin shinge ba, ba a magudanar ruwan sama ba. Gonaki da yawa ramin masai na kansu gare su, shuɗin maganin da ake zubawa a akwatin kuma yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazantar, shi ya sa za su ce sai kore. Tiyon da ake ɗauraye akwatin da shi daban yake da na ruwan sha, kada a kuskura a haɗa. Ruwan wanke-wanke shi ma yana da tankinsa, ka tambayi mai gona inda yake so a sake shi.

Tuƙi a hanyoyin ƙauye yana da wuya?

A hagu ake tuƙi, abin da Najeriya ta bari tun 1972, don haka wanda bai daɗe da zuwa ba ya fara sabawa da ƙaramar mota tukuna. Motocin haya da yawa masu giya ne, in otomatik kake so sai ka nema da wuri. Motar kwana da nauyinta ba kaya bai wuce tan 3.05 ba tana bin iyakar gudun ƙananan motoci. Wadda ta wuce haka mil 50 a awa ne a hanya mai falle ɗaya, 60 a tagwaye, 70 a babbar hanya. A Wales, tun Satumbar 2023, yawancin titunan cikin gari mil 20 ne.

Wahalar tana ga faɗi. A Devon da Cornwall hanya kan matse tsakanin shinge biyu da suka fi motar tsayi, kuma cikin ganyen nan akwai dutse. A Highlands hanya ɗaya ce ta mai zuwa da mai dawowa, da 'yan wuraren kaucewa jefi-jefi. Wanda wurin kaucewa ke hagunsa ya shiga, in a damansa yake ya tsaya daidai da shi ɗayan ya kewaya. In motoci sun taru a bayanka ka ba su hanya, wataƙila ma'aikaciyar jinya ce ke sauri. Ba a ajiye mota a wuraren nan don ɗaukar hoto. Ka iya ribas da madubi, ka kuma rubuta tsayi da faɗin motar a takarda ka manna kusa da sitiyari saboda gadoji. Hanyoyin tsauni irin su Hardknott a Lake District da Bealach na Bà ta zuwa Applecross ba na babbar mota ba ne.

In tsohuwar mota ce ta aro, ka duba lambarta kafin ka shiga birni. Landan na cajin fam 12.50 a yini ga wadda hayaƙinta bai cika sharaɗi ba, Glasgow da Edinburgh kuwa ba biya ake yi ba, tara ce kai tsaye.

Yara za su iya wasa da dabbobi?

Da izinin mai su, kuma a wanke hannu da sabulu da ruwa bayan nan, don man goge hannu bai isa ya kawar da ƙwayar E. coli da ke cikin kashin dabba ba. A nuna wa yara siririyar wayar da ke kewaye da garke, lantarki gare ta. Da yamma a duba bayan gwiwa da hammata da bayan kunne saboda kaska, musamman in sun shiga doguwar ciyawa, don tana ɗauke da ciwon Lyme. In an ga jan zobe yana faɗaɗa a fata, a nemi likita ko a kira 111, lambar neman shawarar lafiya.

Shanu ne na fi jan kunne a kai. Mun taso muna ganin ɗan Fulani ɗan shekara goma yana juya garke da sanda, sai mu ɗauka saniya abar rainawa ce. Na nan da yawa a fili suke sake ba makiyayi, kuma mai ɗan maraƙi tana iya tattake mutum, ana rasa rai a haka. Kada a shiga tsakaninta da ɗanta, a bi gefen shinge, kada a yi gudu. Karnuka kuma sai haƙuri, kusan kowace mota da nata, amma ƙa'ida ce a ɗaure su a zango, kuma ba laifi ka gaya wa mai shi cewa yaranka na tsoro.

Ina da juna biyu, akwai abin da zan kiyaye?

Akwai, Hajiya. Hukumar lafiya ta ƙasar na gargaɗin mai ciki ta nisanci tumakin da ke haihuwa da jariransu da tufafin wanda ya taɓa su, saboda cututtukan da ke jawo ɓari. Haihuwar tumaki ta fi yawa daga Fabrairu zuwa Afrilu. Ki kuma bar ɗanyar madara, wadda bayaninta ke cikin amsa ta gaba.

Abinci fa? Zan iya sayen rago a gonar in yanka?

A'a. Yankan addini a ƙasar nan sai a mayankar da hukuma ta amince da ita, kuma roƙon manomi ya bar ka ka yanka a bayan rumbu jefa shi cikin matsala ne. Ka sayi namanka na halal a Bradford ko Manchester ko Birmingham ko Glasgow kafin ka fita, a daskarar da shi. Firij ɗin ƙarami ne, don haka mu miya ake soyawa a gida a zuba a robobi, a riƙe garin kwaki da kilishi da yaji. A yi hankali da kaya dai, don lita ɗari ta ruwa kilo ɗari ce, ga mutane, ga buhun shinkafa, kuma iyakar nauyin da aka faɗa a amsar lasin ba ta ɗaga wa kowa ƙafa.

A bakin gonaki za ka ga akwati da ƙwai da dankali da zuma, ba mai tsaro, ka ɗauka ka jefa kuɗi. Wasu na da injin sayar da madarar da aka tatsa a ranar aka dafa, kuma da ita maiɗakina ke kwana da kindirmo mai kyau. Ɗanyar madara ana sayar da ita a gonaki masu rajista a Ingila da Wales, a Scotland an hana. Gashin nama kuma sai a kan abin da ya ɗaga daga ƙasa don kada ciyawa ta ƙone, in mai gona ya yarda.

Yaya kuke yi da sallah?

Alƙibla a nan kudu maso gabas take, kusan digiri 119 daga Landan, don haka wanda ya saba da fuskantar mafitar rana ya karkata dama. Muna shimfiɗa leda a ciyawa mu ɗora darduma saboda raɓa da kashin tumaki. In ana ruwa, a babbar mota mutum ɗaya na iya tsayawa a tsakar ɗaki, sai a yi bi da bi. A mazhabar Malikiyya ana ƙasaru in tafiya ta kai mil 48 kuma ba a yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba, wanda ke da shakka ya tambayi malaminsa kafin ya tashi.

Lokaci ne ke rikita mutum. A Inverness, can arewacin Scotland, cikin Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma da minti ashirin na dare, ta fito wajen huɗu da ashirin, jan sararin kuma ba ya gushewa gaba ɗaya. Ka ɗauki jadawalin masallaci mafi kusa ka bi. Akwai masallaci a Inverness, akwai kuma a Stornoway da ke tsibirin Lewis, wanda aka buɗe a 2018.

Ba a kallon baƙar fata ko mai hijabi a ƙauyukan nan?

Ana kallo. Sau da yawa mu kaɗai ne baƙaƙe a filin, wani lokaci a ƙauyen baki ɗaya. Mafi yawan kallon na mamaki ne, kuma da ka gaisa ka yi maganar ruwan sama sai ya koma hira. Na taɓa cin karo da wanda fuskarsa ta nuna bai so zuwanmu ba, muka kwana ɗaya muka ƙara gaba. Ƙiyayyar ba ƙarya ba ce: ƙungiyar Muslim Hikers da Haroon Mota ya kafa ta sha zagi a intanet bayan ta hau dutsen Mam Tor a Peak District ranar Kirsimetin 2021, amma ba ta fasa fita ba, jama'arta ma ƙaruwa suka yi. Wanda gabansa ke faɗuwa ya fara da gonar da ya karanta ra'ayin waɗanda suka sauka a cikinta, ko ya haɗa tafiya da wani gidan, mota biyu.

Wane lokaci ya fi, kuma ina zan fara?

Mayu da Yuni da farkon Satumba. Mai 'yan makaranta ba shi da zaɓi sai ƙarshen Yuli da Agusta, shi kuma ya kama wuri watanni kafin nan. Ko a Agusta dare na sanyi, a zo da bargo da takalmin roba.

Tafiyar farko kada ta wuce kwana uku, kada kuma ta fi awa biyu daga gida. Na arewa ga Peak District da Yorkshire Dales, na Birmingham ga tsakiyar Wales. Kowa burinsa North Coast 500, hanyar nan mai mil 516 da ta tashi daga Inverness ta dawo, wadda aka ƙaddamar a 2015. Tana da kyau ƙwarai, amma mako guda ma ya yi mata kaɗan, kuma daga Yuni zuwa Agusta yammacin Scotland na cika da wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da ba su kai sauro ba, suna zuwa kamar hayaƙi da yamma in iska ta kwanta, har ragar taga ta yau da kullum suna ratsawa. Ka sayi ragar rufe fuska da maganin shafawa, ka kuma zaɓi zango a inda iska ke kaɗawa.

Me zan yi don a dawo min da kuɗin jingina cif?

Ranar ɗauka ka zagaya motar da waya kana ɗaukar bidiyo, har rufi da madubai da ƙasan bamba, ma'aikacinsu na tsaye. Wani kamfani ya taɓa cire min kuɗi kan wani dogon ƙarce a gefe. Na san shingen Devon ya goge ni, amma na kuma san rabin ƙarcen na tarar da shi, sai dai ba ni da hoto, haka na haƙura. Ka karanta abin da inshora ba ta biya, galibi rufi da tayoyi da gilashi da rumfa, kuma rumfar nan a naɗe ta kafin a kwanta don iskar dare na karya ta.

Ka dawo da tankin mai yadda aka ba ka, akwatin banɗaki a juye a ɗauraye, tankin ruwan wanke-wanke ba komai, firij a goge. Ramin zuba dizal da na zuba ruwa suna kama da juna a wasu motocin, ka duba sau biyu kafin ka ɗaga tiyo. Manja da kurkum suna kama kujera, don haka a shimfiɗa tsohon zane tun ranar farko, a kuma buɗe tagogi a daren ƙarshe ƙamshin daddawa ya fita kafin a miƙa makulli.